Ruwan Tazargade

Murja ta sake haska tocila cikin tulun gilashin. Koren ruwan yana nan yadda yake tun hantsi, ko ƙwaya ɗaya bai fitar ba.

Daga ganyen tazargade aka tatso shi, kuma a cikinsa sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro yake narke. Aikinta a wannan ɗan kamfani na Kumbotso shi ne ta sa sinadarin ya daskare fari tas, ya bar dattin a ruwa. Manoma goma sha biyu a Kura, har da mahaifinta Malam Hambali, sun haƙura da tumatir bana sun shuka tazargade a bakin kanal ɗin ban ruwa, don kawai ita ta ba su baki. In abin ya ƙi, kamfani zai janye. Da wane ido za ta shiga garinsu?

Manaja Hashimu, sarkin gaggawa, ya leƙo karo na uku. Ya ce a tsoma tulun cikin ƙanƙara kowa ya huta.

"Yallaɓai, in ya huce da sauri, da dattin zai daskare," in ji Murja. "Ni kuwa ba zan sa hannu a kansa ba."

Ta buɗe durowa ta ɗauko wata 'yar kwalba, ragowar ƙwayoyi mafi tsabta daga gwajin bara. Ta ɗiba a kan tsinken ƙarfe ta saka a tulun don su zama irin da sauran za su daskare a kai, ta rage zafin kaɗan. Hashimu ya yi dariya, wai abin da bai kai ƙwayar gero ba ne zai ceci rani guda.

Ta tafi ta yi sallar azahar, ta ci shinkafarta a tsanake.

Bayan la'asar sai ga su: siraran allurai farare sun kama jikin ƙwayoyin da ta saka, suna ta yaɗuwa. Aka tace, aka gwada, tsabtarsu ta wuce ma'aunin da ake buƙata. Hashimu ya shiga kiran waya, bakinsa har kunne.

Ita ma ta kira mahaifinta. Tana jin kukan injin ban ruwa a bayansa.

"Baba, ya fito."

Bai yi mata barka ba. Sai kawai ya ce, "Kin dai ware iri?"

Murja ta dubi 'yar kwalbar. Tun kafin a ɗora komai a sikeli ta riga ta cika ta da sababbin ƙwayoyi.