Nahawu a Bakin Niranjan

Mithilesh Mahto ya faɗi takardar harshen Hindi a jarrabawar gwajin da aka yi ranar Lahadi a matakalar bakin kogin Ganga, a Patna, babban birnin jihar Bihar. Jarrabawar gaske, ta ɗaukar akawu a ma'aikatun jiha, ta kusa. Dokarta a fili take: wanda bai kai makin tsira a Hindi ba, ba a ko duba sauran takardunsa. Shi kuwa bana ce damarsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun haura iyakar da aka sa.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne ya san amsoshin.

Tun zuwansa unguwar Musallahpur ɗaki ɗaya suke da Niranjan Paswan, kuma sun raba darussa kamar yadda masu neman aiki da yawa ke yi. Mithilesh ya ɗauki lissafi, yana koyar da shi da alli a daɓen ɗaki. Niranjan ya ɗauki nahawu, amma shi mutum ne da ba ya iya zama, sai ya mayar da darasinsa tafiyar safe. Daga ƙofar gida zuwa wurin mai shayi, kishiyoyin kalmomi. Daga nan zuwa haikali, karin magana. In sun sauka gaɓar kogi, jinsi da jam'i da haɗewar sautuka. Niranjan ya jefo tambaya, Mithilesh ya cafe kafin ta faɗi ƙasa. Bai taɓa buɗe littafin nahawun ba, kafin wannan Lahadin kuma bai taɓa zama gwajin Hindi ba, don a ganinsa ɓata safiya ne.

A watan jiya Niranjan ya ce ya gaji da cin garin wake da alkawari. Yayansa ya samo masa aiki a wata masaƙa a Surat, ya hau jirgin ƙasa ya tafi, ya bar littafin a kan taga.

Ranar gwajin, Mithilesh ya zauna cikin dubban matasa, kowa da takarda a gwiwa. Ya dubi tambayar farko, kalmomin suka yi kwance ba su ce masa komai ba. Ya karanta ta da murya, yana jan ƙarshenta yadda Niranjan ke yi, sai ga amsa. Ya yi haka a ta biyu da ta uku.

"Yaya, in wa'azi ka zo yi, ga haikali can," in ji wata budurwa da ke gefensa.

Mai sa ido ya matso. "Ka motsa leɓe haka a zauren jarrabawa, waje za su yi da kai. Yi shiru."

Ya rufe baki, amsoshin ma suka rufe nasu.

Washegari ya ɗauki littafin ya bi hanyar shi kaɗai. Ya tambayi kansa a gaban mai shayi, amma ido ya riga shi ganin amsar a ƙasan shafi. Ya koma ɗaki, ya zauna, ya tashi. Ya ɗora shinkafa ya manta da ita har ta kama. Ya roƙi wani maƙwabcinsa ya karanta masa, mutumin ya karanta kamar mai sanarwa a tashar jirgi, ba abin da ya motsa. Da rana ta take, lokacin hutun masaƙa, ya kira Surat.

"Malamin lissafi!" in ji Niranjan, ƙarar injuna na bayansa. "An sace maka tukunya ne?"

"Na faɗi Hindi."

Niranjan ya yi dariya har da tari. "Ɗan Bihar ya faɗi Hindi! Kada ka bari a ji a ƙauyenku, ba mai ba ka 'ya. Tsaya. Kishiyar girman kai?"

Mithilesh ya ba shi. Niranjan ya jefo wata, ya ba shi, ya jefo karin magana, ya ƙarasa masa ita.

"To, uban me ke damunka?"

"Babu kai a zauren."

Injuna suka ci gaba da bugawa. Mithilesh ya faɗi abin da ya kira don shi: Niranjan ya ɗauki tambayoyin da muryarsa ya turo, shi kuma ya riƙa saurare yana bin shafin da yatsa, ko ido zai koyi abin da kunne ya sani.

"Mithu, na bar wannan abin. Kana so in riƙa tono shi kullum bayan na yini a tsaye?"

"Ni ma na yini a durƙushe ina koya maka lissafi."

"Ka ga inda ya kai ni."

"Yayana, mako nawa ya rage? Ba zan sake roƙonka ba, ko na so, shekaru ba za su bar ni ba."

"Zan gani," in ji Niranjan, ya kashe.

Saƙon murya ya iso ranar Laraba. A bayan masaƙa aka ɗauke shi, ana jin wucewar manyan motoci, muryar ta dushe amma jan ƙarshen tambayar na nan. Tambayoyin karin magana ne kawai a ciki. Mithilesh ya toshe kunne da waya, ya bi hanyar haikali sau da dama da littafi a buɗe, har ya yi karo da mai keken haya ya sha zagi. Kashegari ya zauna da tsohuwar takardar gwaji, ya datse leɓɓansa, ya amsa mafi yawan tambayoyin wannan sashe daidai.

Sai dai karin magana ɗan yanki ne a takardar. Mafi yawan makin na wajen jinsi, jam'i da haɗewar sautuka. A ƙarshen saƙon Niranjan ya ce saura na tafe in shugaban aikinsu ya sauke masa aikin ƙari, don odar bikin Diwali ta yi wa masaƙar yawa.

Mithilesh ya tura masa lambobin shafukan da suka rage. Har ranar Juma'a wayar na nuna saƙon ya isa Surat, ba a buɗe shi ba.