Kyandir a Hannun Toader

"Buɗe, tsohon banza! Na san kana ciki!"

Rodica ta daki ƙofar maƙwabcinta Toader da tafin hannu. Tun safe gashin tattabarunsa ke sauka a kan shanyarta. Wata da watanni 'yarta Ilinca ta yi a asibitin ramin gishiri, inda ake jinyar masu asma, ta dawo tana hawa bene ba haki, tana barci ba tari. Yanzu wannan mutumin zai tayar mata da asma?

Ashe ƙofar ba a kulle take ba. Toader na yashe a ƙasa gefen murhu, ɗakin sai warin taba da kashin tsuntsu.

"Ke ce, mai bakin reza?" ya ce da ƙyar. "Kallo kika zo?"

"Rufe mini baki in kira motar asibiti."

"Ba za su same ni da rai ba. Kyandir... kar in tafi a duhu."

A garinsu ko maƙiyi ba a bari ya cika ba kyandir a hannu, don an ce haka zai yi ta lalube a lahira. Rodica ta yi wayar, ta birkice aljihun tebur. Ƙusoshi, hatsi, ashana. Babu kyandir.

"Mama, ga na baftismata."

Ilinca ce a bakin ƙofa, riƙe da dogon farin kyandir. Har ta sako ƙafa ɗaya ciki.

"Koma! So kike ki shaƙi ƙurar nan mu koma gidan jiya?"

"Zan riƙe masa. Duba, shi ba zai iya ba."

"Kore ta mana, shashasha," Toader ya ce, idonsa a rufe. "Ƙirjinta."

"Kai za ka koya mini renon 'yata?"

Ta fizge kyandir ɗin, ta tura yarinyar waje, ta maido ƙofa. Sai a ƙyastawa ta uku ashanar ta kama. Ta durƙusa, ta naɗe yatsunsa masu sanyi a jikin kyandir, ta ɗora nata a kai.

Numfashinsa ya yi ta ja baya har ya tsaya. Ba ta san lokacin ba, don kunnenta na bayan ƙofa, inda Ilinca ke tsaye tana shaƙar iska a hankali, ba ƙarar asma ko kaɗan. Kakin kyandir ɗin ya gangaro mata kan babban yatsa da zafinsa, ta bar shi ya daskare.