Muryar Baba a Cikin Goge

Mordecai, ɗaya daga cikin makaɗa huɗun da ke gwada kiɗan Bilqis, yana tsakiyar jan babban gogensa Hajiya Asama'u ta turo ƙofar ɗakin gwaji da kular tuwo a hannu.  Bilqis ta riga ta ce wa uwar tata ta jira a ƙasa, amma sanyin unguwar Marylebone ya koro ta sama.

Makarantar koyon kiɗa ce ta ba Bilqis aikin rubuta sabon kiɗa na goge huɗu, amsa ga wani tsohon gwanin Jamus. Da ta kai sashen da gwanin ya yi makoki, sai kanta ya toshe. Abin da ya zo mata kawai shi ne karin muryar marigayi babanta Alhaji in yana karatun Alƙur'ani bayan asuba. Ta ɗauke shi ta ba babban goge, ba ta gaya wa kowa ba. Malamai suka yi ta yabo. Haka suke: kome ya fito daga Afirka sai su gyaɗa kai, ba mai tambayar na wane ne, ko ya halatta a taɓa.

Hajiya ta ajiye kular, ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido har aka gama.

"Mama, ai na ce zan sauko."

"Alhaji ne wannan."

Bilqis ta gyaɗa kai.

"Amma kin sa shi sauri. Nan wajen tsayawa yake ya ja numfashi, kin manta asmarsa?"

Bilqis ta ɗauki fensir, ta ƙara alamar hutu a takardar kiɗan Mordecai. Suka maimaita. Gogen ya tsaya, ya yi kamar zai yi tari, ya ci gaba. Hajiya ta share ido da bakin mayafi.

"Shi ne," ta ce. "To ranar concert ɗin, a gaban jama'a, in an gama, tafi za su yi masa?"

"Haka ake yi, Mama."

"Da kofunan giya a hannu?"

Mordecai ya tambaya da Turanci ko tsohuwar ta ji daɗi.

"Ta ji," in ji Bilqis. "Ku sake yi mata sau ɗaya."

Da suka kai ƙarshe, Bilqis ta bi makaɗan ɗaya bayan ɗaya tana zare shafin makokin daga gabansu. Ba za a yi wa Baba tafi ba.