Rana Ya Gama Dafa Ruwa

"Kwashe, Mairo, kwashe! Rana ya gama dafa ruwa!"

Mairo ta ɗaga kai daga agushin da ta shanya a ƙofar gida. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu.

"Baba, yau kam ka yi kuskure."

"Kai dai kwashe," in ji maƙwabcinta Baba Iortyer daga kujerarsa a gindin mangwaro.

Ta kwashe tana ƙunƙuni. Kafin la'asar ruwa ya kece.

Shekara talatin tsohon malamin makarantar nan, ɗan ƙabilar Tibi, yana zaune a Akurba, amma Hausarsa ta ƙi gyaruwa. Rana namiji ce a bakinsa, Mairo kuwa "kai" ce har ta yi jikoki. Sai dai a kan sama ba a ja da shi. Ya sha yi mata bayani: rana ke gasa ƙasa, laima ta tashi kamar tururin tukunya, in ta kai can sama ta huce sai ta taru ta zubo. Mairo ta ce ita dai a gaya mata lokacin kwashewa. Agushin nan shi ne noman shekararta, in ruwa ya jiƙa shi sai ya yi fumfuna.

A daminar bana ƙafafun Baba suka kumbura, muryarsa ta yi ƙasa. Tsoro ya kama Mairo, don shi da kuma don kanta.

"Daga yau kai za ka faɗa," ya ce mata.

"Ni? Ai sai mu ci fumfuna."

Hakan kuwa aka yi: ta ce babu ruwa, agushi tabarma guda ya jiƙe, Baba ya yi ta dariya har da tari. Sannan ya sa ta tsaya ba takalmi da azahar. Ta ji zafin ƙasa, ta lura ko iska ta ɗauke, ta dubi gabas ko gajimare ya fara yin tsawo.

Ran wata Alhamis da hantsi ya sha kununsa, ya jingina da kujerar, bai sake tashi ba. Mairo ta yi kuka sosai, amma ta ga fuskarsa, ta san ba da wahala ya tafi ba.

Kwana uku bayan an binne shi, 'yarsa Msurshima ta shanya agushinsa na ƙarshe, wanda za su ajiye iri. Mata na zaune ana gaisuwa, sama tas. Mairo ta ji gumi na bin bayanta, ganyen mangwaro ko motsi ba ya yi. Ta zare takalmi ta taka ƙasa, ta dubi gabas. In ta yi kuskure a yi mata dariya, in ta yi shiru irin Baba ya lalace.

"Kwashe, Msurshima! Rana ya gama dafa ruwa!"

Bakinta ne ya faɗa haka da kansa, da kuskuren da komai. Msurshima ta tsaya cak, sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Mama Mairo, kai ma?"

Suna shigar da buhun ƙarshe iska ta taso. Suka tsaya a baranda kafaɗa da kafaɗa, suna kallon ruwa yana taruwa a lotsawar kujerar da aka manta a gindin mangwaro.