Hannun Baba a Kwamfuta

Fadila ta jera ambulan huɗu a kan tabarma gaban mahaifinta, ta koma gefe tana satar kallon fuskarsa.

A gidan mahaifin nata, Malam Ndaliman, da ke unguwar Dutsen Kura, katin biki ba ya fita sai shi ya rubuta sunan mai shi da hannunsa. Dangi sun saba, musamman yayansa Yunusa na Bida, tsoho mai fushin tsiya, wanda in bai ga hannun ƙanensa ba ko ƙofar gida ba zai taka ba. To ga bikin Fadila ya matso, hannun Baba na dama kuma ya shanye tun farkon damina. Ya hana a gaya wa kowa a Bida.

Ita kuwa tsara katuna da tambarin shaguna ne sana'arta a Bosso. Ta san salon rubutun kwamfuta masu kama da na hannu, irin waɗanda masu kek da turare ke rububi. Sai ta tattaro tsofaffin katunan bikin yayyenta, ta ɗauki hoton haruffan Baba ɗaya bayan ɗaya, ta zuba su a kwamfuta. Yanzu duk sunan da ta buga, da hannunsa yake fitowa.

Baba ya sa tabarau, ya ɗaga ambulan da hagu, ya juya bayanta, har da shafawa da yatsa ko zai ji sawun biro.

"Yaushe na rubuta wannan?"

"Ba ka rubuta ba, Baba. Inji ne."

"Ikon Allah. Har da jelar nan da nake ja a ƙarshe." Ya ƙara matso da ita kusa da ido. "To in kin buga sunan wanda ban taɓa sani ba fa?"

"Zai fito."

"Ko bayan raina?"

Ta ɗago ta dube shi. Shi ko a jikinsa, mamaki ne kawai ya cika shi, yana ta gwada wannan ambulan da waccan kamar mai zaɓen tumatir.

Da ya zo kan ta Yunusa, sai ya daɗe yana kallo.

"Yayana zai yarda ni ne?"

"Ko kai ka kusa yarda."

"Zai ce lafiyata lau ke nan." Ya ajiye ambulan a hankali. "Sai ya iso ya same ni haka, a gaban mutane."

Tausayinsa ya kama Fadila, don ba ta taɓa jin ya ambaci ciwon da bakinsa ba.

"Sauran ki buga da injinki," ya ce. "Miƙo min biro da sabuwar ambulan."

Ta danne masa takardar a kan faifai. Ya riƙe biron da hagu, ya fara jan harafin farko, layin yana karkacewa yana rawa.

"Baba, ba zai iya karantawa ba."

"Zai gane," in ji shi, bai ɗago ba. "Riƙe da kyau."