Takalmin Baba Hayatu

"Baba Hayatu, tsaya! Ka bar takalmi ɗaya a matakala!"

Tsohon ya duba ƙasa, ya ga safa tsirara, ya fashe da dariya. "Biba, ƙafafun nan sun yi ritaya ba su sanar da ni ba."

Biba maƙwabciyarsa ce a wani tsohon bene a Paris, a unguwar Goutte d'Or, 'yar Damagaram mai karatun jinya. Shi kuwa mutumin Garwa ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar sinadarai a garin Saint-Fons kusa da Lyon kafin ya dawo Paris. Likita ta ce ciwon sukari ne ya cinye masa jijiyoyin ƙafa. Wata rana kamar yana taka auduga, wata rana kamar garwashi.

Burinsa ɗaya: 'yarsa Zenaba ta kusa haihuwa a Lyon, yana so ya je suna da ƙafarsa, ba a keken guragu ba.

Biba ta ɗaura ɗamara. Kullum da yamma sai ta duba tafin ƙafarsa ko ya ji rauni bai sani ba, ta gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannunta, ta shafa masa man kaɗe. Ta hana shi sukari a shayi, ta riƙa jan shi zagaya kasuwa.

"Shayi ba sukari ai horo ne, ɗiyata."

"Sha dai, Baba. Maganin likita ma yana jiranka."

Ƙafafun ba su warke ba, amma sun yarda su ɗauke shi. Ranar tafiya ta raka shi tasha, ya hau jirgin ƙasa da kansa, yana ɗaga mata sanda.

Bayan suna da kwana biyu Zenaba ta kira. Ta ce Baba Hayatu ya yi sallar la'asar, ya kishingiɗa, zuciya ta tsaya. Biba ta zauna a matakala ta yi kuka har ya ishe ta.

"Kin ga bidiyon da na turo?" in ji Zenaba.

Biba ta buɗe. Ga Baba Hayatu cikin farar riga, jaririya a cinyarsa. Ya sa yatsa ya sosa ɗan tafin ƙafarta, ta harba da ƙarfi.

"Alhamdulillahi," ya ce yana dariya. "Wannan tana ji!"

Jaririyar ta sake harbawa, ya kama ƙafar ya rufe ta a tafin hannunsa.