Faifai Nasa, Garmaho Nawa

"Verlene, na san kina ji na. Kawo garmahon nan."

Sandarsa ce ke dukan bangon katakon da ya raba ɗakina da nasa, har kofunan da na jera a kan kanta suna rawa. Na ci gaba da guga kamar ba da ni yake ba. Tun da hantsi Cleotis Varnado ke wannan kira, kuma tun da hantsi nake ƙona wuyan rigunan mutane.

"Ya lalace," na ce da bangon.

"Ƙarya kike. Bakinki ne ya lalace."

Gida ɗaya aka raba mana biyu, a layin da ke bayan injin gurzar auduga. Ni a hagu, shi da yayarsa Ozella a dama. In ya yi tari ina ji, in na soya tarwaɗa ya san da wane mai na soya. Abin da ya haɗa mu shekara da shekaru, ya kuma hana mu rabuwa duk da ba ma shiri, shi ne faifai nasa ne, garmaho nawa.

Lokacin yana saurayi, Cleotis ya fi kowa iya jita a wannan ɓangaren jihar Mississippi. Ranar Asabar in ya zauna a wurin suyar kifi yana waƙar blues, irin waƙoƙin kewa na mutanenmu, matan aure sai sun manta suna da tukunya a wuta. Wasu Turawa suka zo birnin Memphis da injin ɗaukar murya, suka aika a kira shi. Mijina Percell ya raka shi, wai don ya riƙe masa hula. Aka sa su a ɗakin otal, aka toshe tagogi da barguna, aka ce kowa ya yi shiru in an kunna fitila. To, Percell bai taɓa ganin irin injin ba. Shi a zatonsa kamar tarho ne, abin da aka faɗa yanzu zai iso gida yanzu. Ana tsakiyar waƙa, inda Cleotis ya ja numfashi, sai ya matso ya ce, "Verlene, kina ji na? Gobe muna tafe." Sannan ya yi wannan dariyar tasa. Baturen ya yi ta faɗa, amma haka aka buga faifan.

Kamfanin ya ruguje ba da daɗewa ba. Fayafayan wasu suka fashe, wasu aka narkar da su lokacin yaƙi, guda ɗaya ya rage a hannun Cleotis. Percell kuwa kogi ya ci shi a wurin aikin madatsa, ba a ma ga gawarsa ba. Ba ni da kabarinsa, ba ni da hotonsa. Wannan 'yar maganar kaɗai nake da ita, ita ma a ɗakin wani take.

Faifai yana cinyewa. Duk lokacin da allura ta bi ta kansa sai ta kankare wani abu. Shi ya sa muka yi yarjejeniya, ranar Kirsimeti kawai ake sa shi, da sabuwar allura. Amma da ɓarin jikin Cleotis na hagu ya shanye a farkon tsinkar audugar bana, tausayi ya sa na kai masa garmahon. Ya yi ta sa Ozella tana wana masa, safe da yamma. Ran nan na kasa kunne ta bango, na ji "gobe muna tafe" ta fara nutsewa cikin ƙara irin ta mai a kasko. Na shiga ko sallama babu, na ɗauke kayana.

Sandar ta yi shiru. Can sai ga Ozella a ƙofata, da farin ɗankwalinta na dattijan coci, tana share hannu da gefen riga.

"'Yar'uwa Verlene, likita ya ce ba zai ga Lahadi ba."

"Na ji. Bangon nan ba ya ɓoye komai."

"To ki ji tsoron Allah ki kai masa. Ni ba son kiɗan shaiɗan ɗin nan nake ba, kin sani. Amma ya hana ni sakat. Ya yaye mayafi, ya ce in rufe shi, in na rufe shi ya ce zafi. Faifan yana kan ƙirjinsa tun jiya, ya ƙi saki."

A wurinmu, abin da mamaci ya riƙe na ƙarshe ba ya zama a gida. Kofi ne, agogo ne, kwalbar magani ce, a kan kabarinsa ake fasa shi a bar masa, don kada ya dawo nema ya ja wani ya tafi da shi. Ozella ba ta wasa da wannan. Da mahaifiyarsu ta rasu, fitilar gidan guda ɗaya tak ta fasa, suka yi ta zaman duhu.

"Idan ya cika da shi a hannu fa?" na tambaye ta.

"Kin san amsa."

"Muryar Percell na ciki, Ozella."

"Jikokina ma suna kwana a gidan nan," ta ce, ta juya ta tafi.

Na ajiye dutsen guga na bi ta. Ɗakin yana warin man zafi da gumi. Cleotis ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Ƙafarsa mai lafiya tana ta motsi a ƙarƙashin mayafi, hannunsa na dama ya danne baƙin faifan a ƙirji. Can sama kusa da rufi jitarsa ce rataye a ƙusa. Shi ya sa aka ɗaga ta can ranar da ya kwanta, inda hannunsa ba zai kai ba ko da mantuwa. Ya riga ya yi wa Arzell alkawarinta, wani mai aski da ke kiɗa a wurin suyar kifi yanzu. Ya ce jitar da ta je Memphis ba za ta ƙare a bakin tsutsa ba.

"Ga ta nan, marowaciya," ya ce, bakinsa a karkace. "Ina kayan?"

"Ba ni faifan in ajiye maka."

"Ki ajiye wa kanki dai."

"E, in ajiye wa kaina. Kai ka yi waƙarka shekara nawa, duk garin nan sun ji ka. Percell kuwa magana ɗaya ya yi."

"Magana ɗaya da ta ɓata min waƙa. Waƙata mafi kyau, wani ƙato ya shigo yana kiran matarsa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Dubi hannun nan, Verlene. Kamar kifin da aka jefar a tudu. A cikin faifan nan ne kaɗai yatsuna ke motsi. Kina so in mutu ban ƙara jin su ba?"

Na tsane shi a lokacin, na kuma tsani kaina. Na fita, na bi layin har bakin madatsa, na dawo, na sake komawa. Motocin auduga suna ta wuce ni, farin kaɗa yana tashi yana manne min a gashi. Na shiga gida na ɗora wake, na manta da shi ya kama. Na zauna, na tashi. Ta bango ina jin gadonsa yana ƙara, yana juyi da rabin jikin da ya rage masa.

Da safe na ɗauki garmahon na kai. Na sa sabuwar allurar da nake ajiye wa Kirsimeti. Na miƙa hannu, ya dube ni ya daɗe, sannan ya saki faifan. Na wana, na sauke allurar.

Ƙarar ta fara, sai jitar ta fito daga ƙarƙashinta, sai muryar wani saurayi mai ƙarfi yana cewa kogi ya cika, masoyiya ta ce ya tsallako, ya tsallako ya tarar ta ƙaura. Cleotis ya rufe ido. Yatsun hannunsa na dama suna kaɗa mayafi, na hagun suna kwance inda suke. Aka iso inda saurayin ya ja numfashi. Sunana ya fito sarai. Sauran maganar sai da na matsa kusa na ji ta, dariyar ma rabinta ya tafi. Na juya wa gadon baya don kada ya ga fuskata.

"Haka muryarsa ta koma?" ya ce.

"Haka ta koma."

Waƙar ta ƙare. Na ɗaga allurar, na sa faifan a rigarsa ta takarda, na miƙa masa, don nasa ne. Ya janye hannu ya cusa a ƙarƙashin mayafi.

"Yaya," ya ce da Ozella, "sauko min da jitar."

"Jitar me? Kai da ka ce a ɗaga ta?"

"Yanzu na ce a sauko da ita."

"Haba Cleotis. Fasto na tafe, ya tarar da kai rungume da wannan?"

"Ya tarar. Shi ma a wurin kiɗana ya samo matarsa."

Ozella ta hau kujera tana gunaguni. Ta ɗora masa ita a ƙirji, ya zagaye ta da hannun dama ya riƙe. Ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba. Ni kuwa ina tsaye da faifai a hannu kamar wawuya.

"Me kike jira kuma? Fita da kayanki, kin cika min ɗaki." Da na kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ba don ke ba. Mijinki ya riƙe min hula."

Daga nan bai ƙara taɓa komai ba. Ozella ta kawo masa ruwa a kofi, ya kawar da kai, sai da ta ba shi da cokali. Fasto ya miƙa masa Littafi Mai Tsarki, ya ce a buɗe a karanta masa yana ji. Arzell ya zo da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon jitar, yana murza hularsa.

"Ka yafe min, ɗan'uwa," Cleotis ya ce masa. "Dama ba ka iya ba."

Ƙafar ba ta daina motsi ba, zufa tana jiƙa katakon jitar, hannun ya gaji amma bai saki ba. Na ce masa ya huta, zan zauna in tabbatar ba abin da ya taɓa. Ya ce bai yarda da ni ba. Ranar Juma'a da la'asar, injin auduga yana ta ruri, ƙafar ta tsaya. Sai da ni da Ozella muka haɗu kafin muka ɓamɓare yatsunsa.

Aka binne shi a bayan coci, a gefen da ke kallon gonaki. Da aka gama tara ƙasa, Ozella ta ɗaga jitar, ta sauke, ta sake ɗagawa. Sannan ta miƙo min.

"Ke za ki yi. Saboda ke ne."

Na kwantar da ita a kan ƙasar, na ɗora ƙafata a cikinta. Ba ta yi wuyar fashewa ba, katakon ya tsufa. Tsirkiyoyin suka yi wata 'yar ƙara gaba ɗaya suka saki. Arzell ya sa hularsa ya tafi bai waiwayo ba.

A gida na buɗe taga, don ɗakin ya yi zafi. Bayan bango Ozella tana jan gado, tana shara. Na fito da faifan daga rigarsa na ɗora a kan garmahon, na wana har ƙarshe. Na riƙe allurar a sama ban sauke ba. Ya yi ta juyawa shiru, hasken taga yana zamewa a kansa, har ya rage gudu ya tsaya.